Yadda Bobboyi Ya Jawo Titi Ƙofar Gidansa

A gefen Mbamba, wata unguwa a Yola, can inda gidaje ke ƙarewa a gangara fadama, akwai wani mutum da ake kira Bobboyi, shi kuma yana kiran kansa Injiniya. Injiniyancin nasa bai wuce 'yan watannin da ya yi a Abuja yana riƙe wa masu safiyo bakin igiyar awo ba. Amma in ka same shi a majalisa bayan la'asar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana zane a ƙasa da tsinke, sai ka rantse shi ya nuna wa Abuja inda za ta zauna.

Duk abin da Bobboyi ya mallaka a duniya bayan gidan da yake ciki, fili ne guda da ya gada a wurin mahaifinsa. Filin yana tsakanin katangarsa da lambun Malama Edna, wata 'yar Numan da ta yi ritaya daga koyarwa ta koma noman alayyafo da kuɓewa. Dillalai sun yi ta zarya a kan filin nan, Bobboyi yana korarsu, don a cewarsa jerin shaguna zai gina a wurin, bene, har da wurin ajiye motoci. Matsalar ɗaya ce. Babu titin da ya bi ta nan. In ka shiga filin, tafasa ce za ta tarbe ka har ƙugu, in ka fita ta ɗaya gefen kuma fadama ce da kwaɗi.

Tun shekarun da tashin hankali ya koro jama'a daga Mubi da Michika da Madagali, Yola da Jimeta suka cika suka batse. Kowa ya samu wuri ya kafa bulo, lungu ya toshe lungu, har ta kai in an yi rasuwa a wasu unguwanni sai an ɗaga makara sama an miƙa ta kan katanga. To, sai hukumar tsara gari ta ce za ta sake zana taswirar unguwannin gefe ta shekara ashirin masu zuwa, kuma a wannan karon sai an ji ta bakin mutane. Aka kira taro a makarantar firamare. Jauro, wato mai unguwa, ya zauna a gaba, wata jami'a mai suna Munirat ta baje taswira a jikin allo.

Ta ce, "Ba za mu zauna a ofis mu zana muku hanya ba. Inda ƙafa take bi, nan za mu bi da biro. In damina ta ja baya za mu dawo, mu zaga tare da ku, ku nuna mana da kanku."

Bobboyi ya miƙe ya yi jawabi a kan yadda ya taimaka aka daidaita Abuja, har sai da Jauro ya ce masa lokacin salla ya yi. Amma maganar Munirat ta shiga kunnensa ta zauna daram. Ya koma gida yana dariya shi kaɗai.

Matarsa Asta ta ce, "Baban Basma, lafiya? An raba wani abu ne a taron?"

"An raba ilimi, kuma ni kaɗai na kwasa. Ta ce inda ƙafa take bi. To, ƙafa za ta bi ta filina, titi ya biyo ƙafa, shaguna su biyo titi."

"Ƙafar wa? Ko akuya ba ta bin wurin nan."

"Ke dai ki fara tunanin kalar fentin da za a yi wa shagonki."

Washegari ya ɗauki adda ya share tsakiyar filin tun daga bakin lungu har fadama. Daga nan ya shiga zirga-zirga. Ya tafi da takalmin sallar Idi, ya dawo da silifas, ya koma da takalmin robar Asta yana ɗingishi don bai shige shi ba. Wai don masu taswira su ga sawu iri-iri. Malama Edna tana ban ruwa a lambunta, ta tsaya tana kallonsa ta kan shinge.

"Malam Bobboyi, wani abu ya ɓace maka ne?"

"Madam, aikin gwamnati nake yi."

"Da takalmin matarka?"

"Ba za ki gane ba. Wannan fannin injiniyoyi ne."

Da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shafe sawun gaba ɗaya. Kafin mako ya zagayo tafasa ta sake tsirowa, ta fi da kyau.

Sai ya ce ai sawun mutum ba ya daɗewa, sawun taya ake so. Tun da aka hana acaɓa a gari, Keke Napep ne abin hawan kowa, don haka ya je tashar keke ta bakin titi ya yi shela cewa duk direban da ya bi ta sabuwar hanya yana da shayi da burodi kyauta. Ya sa Asta ta dafa shayi a babbar tukunya. 'Yan keke suka zo kuwa, har da waɗanda ba a taɓa gani a unguwar ba. Suka jera kekunansu a bakin lungu, suka shanye shayin, suka yi godiya, kowa ya juya ya koma ta inda ya fito.

Bobboyi ya tare na ƙarshe. "Kai! Ba haka muka yi ba. Sai ka bi ta ciki."

"Oga, ciki zuwa ina? Hanyan nan ina ya tafi?"

"Zuwa gaba. Zuwa ci gaba."

Direban ya ga ya ci burodin mutane, kunya ta kama shi, ya danna keken cikin filin da fasinjarsa a baya, wata mata da ta sayo kifi daga Jimeta. Ba su kai tsakiya ba taya ta nutse a taɓo, keken ya kwanta a gefe a hankali kamar mai jin barci. Daron kifi ya kife. Matar ta fito da rarrafe, ta zare ɗankwali ta ɗaure ƙugu, ta zagi direban da Hausa, ta zagi Bobboyi da Fulatanci, sauran kuma ta ƙarasa da wani yaren da ba wanda ya ji amma kowa ya gane. Sai da maza suka taru suka ciccibo keken. Daga ranar, ko ƙofar lungun ɗan keke bai ƙara leƙowa ba.

Asta ta ce, "Shayina ya tafi, sukarina ya tafi, ga ƙarnin kifi ya hana mu zama a tsakar gida. Ka haƙura haka nan."

"In haƙura? A Abuja sai da muka fasa dutse."

Yana cikin wannan tunani ne ya hango Hamajoɗa, wani makiyayi da ke da ruga a bayan unguwa, yana kora shanunsa ta can nesa. Tun da gidaje suka cinye tsofaffin hanyoyin shanu, sai Hamajoɗa ya yi dogon zagaye kafin ya kai garkensa ruwa, kullum kuma sai an yi faɗa da wani a hanya. Bobboyi ya buga cinya. Ina abin da ya kai kofaton saniya iya daddaɓe ƙasa?

Ya tare shi da gaisuwar Fulatanci. "Hamma, jam na? Me ya sa kake wahalar da dabbobin nan? Ga hanya a filina, miƙe take har fadama."

Hamajoɗa ya dube shi da kyau, don a 'yan shekarun nan ba wanda ya taɓa kiransa ya ce zo ka wuce. "Ka ce shanu ya bi cikin filinka? Da bakinka?"

"Da bakina. Sau ɗaya ko biyu, su ɗan taka mini wurin."

"Useko, useko, na gode. Allah ya bar zumunci."

Da safe shanu suka shigo. Bobboyi ya tsaya a kan turmi yana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya. Shanun ba su kula shi ba. Na gaba suka bi inda ya share, na tsakiya suka bazu, na baya suka lura da lambun Malama Edna. Wani bajimi ya sa ƙaho ya ɗage shingen, 'yan uwansa suka bi shi, kafin a kore su sun gama da alayyafo sun fara ɗanɗana kuɓewa. Wata saniya kuma ta ga katangar Bobboyi ta yi mata daidai wurin susa, ta goga jiki sau biyu, katangar da damina ta riga ta jiƙa ta zube cikin gida a kan shanyar Asta.

Malama Edna ta fito da bokiti a hannu. "Malam Bobboyi! Lambun nan da shi nake ci. Wa ya kawo shanu?"

"Madam, ki kwantar da hankalinki. In titi ya zo, ke ma ƙofarki za ta yi daraja. Abin da nake roƙo, ranar da masu taswira za su zo, kada ki tayar da zancen nan."

"Ni na koyar da yara shekaru su faɗi gaskiya. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, ba ƙari ba ragi."

Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Cikin 'yan kwanaki tafasa ta mutu, ƙasa ta daddaɓu ta yi fili fetal, hanya ta fito mai faɗi kamar an turo gireda. Bobboyi ya riƙa kawo 'yan majalisa yana nuna musu. Sai dai sau ɗaya ko biyun da aka yi da Hamajoɗa ya zama safe da yamma. Hamajoɗa ya gaya wa ƙaninsa, ƙanin ya gaya wa surukinsa, labari ya kai rugage cewa an samu wani bawan Allah a Mbamba da ya buɗe hanya. Bobboyi ya je ya ce a dakata haka.

Hamajoɗa ya ce, "Ni na ji, Injiniya. Amma saniya ya riga ya san hanya. Ko na juya shi, nan zai dawo."

Jin an kira shi Injiniya ya sa Bobboyi ya manta abin da ya kawo shi.

Saura shaida. Ya san masu taswira za su tambaya ko hanyar tsohuwa ce, don haka ya nemi Bappayo, dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwar, wanda yakan tuna sunan dokin kakansa amma ya manta ko ya karya kumallo. Kullum da hantsi Bobboyi ya kai masa ƙosai da kunun gyaɗa, ya zauna yana biya masa karatu.

"Bappa, in an tambaye ka, me za ka ce?"

"In ce na gode da ƙosai."

"A'a. Ka ce tun kana yaro ake bin hanyar nan."

"Wace hanya?"

"Ta filina, Bappa."

"Ashe akwai hanya a wurin?"

"Akwai. Tun kana yaro."

A haka, da ƙosai da naci, har maganar ta zauna. Bappayo ya fara tare mutane a ƙofar masallaci yana gaya musu tun yana yaro ake bin hanyar nan, ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

Ranar zagaye ta zo. Tun da sassafe Bobboyi ya fita da tsintsiya da shebur yana kwashe kashin shanu yana watsawa bayan katanga, Asta tana zaune tana kallonsa, ta ce ko tsinke ba za ta ɗaga ba. Ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗora riga mai ruwan lemo da ƙyalli irin ta ma'aikatan titi a kai, ya kifa hular kwano. Da hantsi sai ga Munirat da taswirarta, ga Jauro, ga jama'ar unguwa maza da mata a bayansu. Sun zaga lunguna da dama, kowa yana faɗin inda yake son kwata da inda yake son asibiti, har suka iso filin.

Munirat ta tsaya tana duba taswira tana duba ƙasa. "Wannan hanyar ba ta cikin hoton da muke da shi."

Bobboyi ya matso gaba. "Hajiya, hoto ai daga sama ake ɗaukarsa, mu kuma a ƙasa muke. Wannan ita ce uwar hanyoyin Mbamba. Ba a taɓa wayewar gari ba a bi ta ba."

Jauro ya ɗaga gira. "Bobboyi, ni ma fa a unguwar nan aka haife ni."

"Ranka ya daɗe, gidanku yana can gabas, ba ka cika zuwa nan ba. Wallahi tallahi tsohuwar hanya ce. Ga Bappa nan a tambaye shi."

Aka kamo hannun Bappayo aka kawo shi gaba. Ya dubi hanyar, ya dubi sawun kofato da tsintsiya ba ta iya sharewa ba, ya shaƙi warin da shebur bai iya kwashewa ba. Sai idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Tun ina yaro ake bin hanyar nan," in ji shi. Bobboyi ya gyaɗa kai yana murmushi. Bappayo ya ci gaba. "Nan shanun babana suke bi. Akwai wani farin bajimi mai karyayyen ƙaho, shi ke gaba. Ina biye da su da sanda da gorar nono. Burtali ne, 'ya'yana. Burtalin kakanninmu ne."

Murmushin Bobboyi ya tsaya a inda yake. "Bappa, mutane. Mutane ke bi."

"Mutane suna bin shanun, i."

Munirat ta juya wurin Malama Edna, ta tambaye ta a matsayinta na maƙwabciya me take gani yana wucewa.

"Shanu, safe da yamma. Keke ɗaya ya taɓa shiga, shi ma ɗaukansa aka yi aka fitar. Mutum kam, Malam Bobboyi kawai na gani, da takalmin matarsa."

Jama'a suka fashe da dariya. Bobboyi ya ɗaga hannu zai yi bayani, sai ƙasa ta fara amsawa. Lokacin kai shanu ruwa ya yi. Garken Hamajoɗa ya ɓullo daga bakin lungu, na ƙaninsa a baya, na suruki a bayan wannan. Mata suka haye kan ɓaraguzan katanga, aka janye Jauro gefe, Munirat ta rungume taswira ta laɓe bayan bishiyar mangwaro. Bobboyi ya tsaya a tsakiya yana kaɗa hannu yana cewa su koma, yau ba ranar wucewa ba ce. Bajimin nan da ya ɗage shingen lambu ya ga rigar lemo tana walƙiya, ya sunkuyar da kai. Injiniya ya juya da gudu, babbar riga ta harɗe shi, ya tafi ya zauna daɓas a cikin sabon kashin da aka ajiye yanzu-yanzu, hular kwano ta gangara fadama.

Da ƙura ta lafa, Munirat ta fito daga bayan mangwaro fuskarta cike da fara'a.

Ta ce, "Jama'a, ba ku san irin wahalar da kuka raba mu da ita ba. Duk unguwar da muka je muka ce za a fitar da hanyar shanu zuwa ruwa, sai a taso mana kamar za a cinye mu. Yau ga burtali a buɗe, ga dattijo ya shaida, ga mai filin da kansa ya rantse. Wa ya amince a sa shi a taswira?"

Hannaye suka tashi sama. Masu gonaki suka ɗaga don shanu za su daina bi ta gonakinsu. Malama Edna ta ɗaga da sharaɗin a kafa mata shingen waya, aka ce an amince. Hamajoɗa ya ɗaga hannu biyu har da sanda. Bobboyi ya waiga ya ga Asta ma ta ɗaga.

"Faɗinsa daga katangar nan zuwa shingen lambu," in ji Munirat. "Kuma ba a gini a cikin burtali."

Nan fa Bobboyi ya miƙe, rigarsa tana ɗiga. "Tsaya! Hajiya, tsaya. Wannan hanyar ba ta kai wata uku ba. Ni na share ta da adda!"

Bappayo ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni za ka ƙaryata, yaro? Farin bajimin ma ƙarya ne?"

Jauro ya gyara rawaninsa, ya yi magana a hankali. "Bobboyi, ɗazu ka rantse a gaban jama'a. Abu biyu ne. Ko dai ka rantse a kan ƙarya don ka yaudari hukuma da mu duka, sai mu rubuta haka, filinka ya zauna, ka gyara wa Malama lambunta, kowa kuma ya san irin injiniyan da muke da shi. Ko kuwa gaskiya ka faɗa, kai ne mutumin da ya tsare burtalin kakanni lokacin da kowa yake toshewa. Wanne za mu ɗauka?"

Munirat ta ƙara da cewa, "In na biyun ne, za mu so ka zo babban taron da za a yi a Jimeta, ka yi wa sauran unguwanni bayanin yadda ka yi."

Bobboyi ya dubi filin, abin da mahaifinsa ya bar masa ke nan a duniya. Asta ta matso ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Baban Basma, don Allah ka ce ka yi ƙarya. Dariya ce kawai, kwana biyu ta wuce." Ya buɗe baki, kuma na rantse da niyyar bin maganarta ya buɗe shi. Sai ya ji wani daga baya ya ce, "Allah ya ja zamanin Injiniya!" Wani ya fara tafi, wasu suka kama.

Ya gyara wuyan riga. "Ranka ya daɗe, gwada ku nake yi. Dama tun farko burtali na tsara. Ko a Abuja haka muke yi, sai mun fitar wa dabba hanya kafin mutum."

Tafi ya ɓarke. Hamajoɗa ya rungume shi duk da abin da ke jikin rigar. Asta ta juya ta shige gida ta inda katanga ta faɗi. Munirat ta shimfiɗa taswira a kan gwiwarta ta ja layi biyu da biro, daga bakin lungu har fadama.

Bobboyi ya sunkuya kamar mai duba aikin, ya yi mata raɗa. "Hajiya, ko ɗan shago ɗaya a gefe? Ƙarami, na kati da ruwan leda?"

Ta girgiza kai. "Ko turken akuya."

Ya sake duban layi biyun da ta ja. Sannan ya miƙe, ya juya ga jama'a, ya nuna filin ubansa da yatsa, ya daka tsawa.

"Kun dai ji! Ko turken akuya kada in ga wani ya kafa mini a nan!"